Tsofaffinmu da kaɗaici a zamanin annoba: tambayoyi da amsoshi daga zangon Kumasi

Tun shekarar korona mutane ke yi mini waɗannan tambayoyi, wasu maƙwabta ne a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, wasu kuma 'yan'uwa ne da ke Akra ko ƙetare, waɗanda suka bar iyaye a gida. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa da abin da na gani a gidanmu da unguwarmu, da kuma abin da hukumomin lafiya suka tabbatar.

Gidajenmu cike suke da mutane. Ta yaya tsoho zai yi kaɗaici a gidan da mutum talatin ke kwana?

Ni ma haka na ɗauka da farko. Gidanmu gidan yawa ne, ɗakuna goma sha biyu kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya kuwa ba a taɓa ganinta babu kaya ba. A ɗakin da ke kusa da ƙofa yayan mahaifina yake, wanda kowa ke ce wa Baba. Kafin annoba ranarsa a tsare take. Ya fita asuba, ya zauna a masallaci har gari ya waye sosai, ya biya wajen mai koko ya sha da ƙosai, ya dawo ya ɗan kishingiɗa, da azahar ya sake fita. Bayan la'asar suna da benci a bakin masallaci, su shida, tsofaffin direbobi da 'yan goro, da rediyo ɗaya a tsakaninsu. A nan ake kawo musu ƙarar mata da miji, a nan ake zuwa neman wanda zai shige gaba wajen neman aure, a nan suke fara jin wanda ya rasu.

Da aka rufe masallatai, duk wannan ya tsaya a rana guda. Ba a rage masa tuwo ba, ba a kuma daina gaishe shi ba. Yara za su leƙa su ce, "Baba, ina kwana?" ya amsa, su wuce. Sai dai babu mai zama, don an ce mana zama kusa da tsoho haɗari ne gare shi. Wata rana da hantsi na shiga ɗakinsa, na tarar ya sa babbar riga da hula, ya shafa turare, yana zaune a bakin gado da carbi a hannu. Na ce, "Baba, ina za ka?" Ya ce, "Babu ko'ina. Na ga Juma'a ce." A ranar na gane cewa hayaniyar tsakar gida ba ta cire wa mutum kewa, muddin babu mai buƙatarsa a cikinta.

Me aka rufe, kuma har tsawon wane lokaci?

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu a Ghana. Bayan kwana uku, ranar 15 ga wata, Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taron jama'a, har da na masallatai da coci-coci da jana'iza, aka bar binne mamaci da mutanen da ba su wuce 25 ba, aka rufe makarantu. Daga 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Akra da Kumasi da kewayensu, ba a fita sai don abinci, ruwa, magani, banki ko bayan gida na jama'a. Mako uku aka yi aka ɗage ta.

Kullen bai daɗe ba, amma masallatai sun kai kusan wata uku a rufe. Azumin shekarar gaba ɗaya ya wuce babu tafsiri a fili, babu asham a jam'i, aka yi ƙaramar salla a gida. Sai ranar Juma'a 5 ga Yuni aka buɗe, da sharaɗin kada a wuce mutum 100, kada a wuce awa ɗaya, a bar tazara tsakanin masallata. A ƙarshen Janairun 2021, da cutar ta sake tashi, an kuma hana taron biki da na makoki. Iyakokin ƙasa na tudu kuwa sai a Maris 2022 aka buɗe su. Wanda ke da 'ya a Lome ko ƙani a Wagadugu ko dangi a Kano ya san abin da shekara biyun nan suka ci masa.

Me ya sa aka fi matsa wa tsofaffi su zauna a gida?

Domin su cutar ta fi kashewa. Garkuwar jiki tana raguwa da shekaru, ga hawan jini da ciwon suga da suka yi yawa a cikin dattawanmu, kuma waɗannan su ne ke sa korona ta yi tsanani. Matakin yana da hujja, ban taɓa shakkar haka ba. Kuskurenmu shi ne da aka ce a ba da tazara, sai muka ji kamar an ce a daina zama da su.

Kaɗaici cuta ne da gaske, ko dai zafin rai ne kawai da zai wuce?

Yana taɓa jiki. Wani babban rahoto da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2020 ya danganta rashin cuɗanya da ƙarin haɗarin ruɗewar ƙwaƙwalwa da kusan kashi 50 cikin 100, ya kuma danganta raunin zumunci da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin tsoho ɗaya cikin huɗu yana fama da rashin cuɗanya, shi ya sa a Nuwamban 2023 ta kafa kwamiti na musamman a kan batun.

Yadda abin ke aiki kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Mutumin da ke takawa masallaci sau biyar a rana yana motsa jiki ba tare da ya kira shi motsa jiki ba. Idan ya zauna wata uku, naman ƙafarsa zai saki, gwiwa ta riƙe, daga nan sai tsoron faɗuwa, daga tsoron faɗuwa sai ƙarin zama. Wanda ke cin abinci shi kaɗai ba ya ci da yawa. Wanda ba shi da lokacin fita, barcinsa yakan rikice, ya yi ta gyangyaɗi da rana, da dare idonsa biyu. Ga kuma waɗanda suka daina zuwa asibiti karɓar maganin hawan jini don tsoron a ce suna da korona a tsare su. Na san gidaje da dama da aka yi haka.

Ta yaya zan gane cewa mahaifiyata ko kakana na cikin wannan hali?

Tsofaffinmu ba sa cewa "ina jin kaɗaici". Kunya da tawakkali ba za su bari ba. Ka tambaye su, za su ce "Alhamdu lillahi, sai godiya." Don haka ido za ka sa. Kwanon abinci yana dawowa da saura? Ta daina kitso da lalle, ita da ba ta wasa da su? Rediyon da ba ya rabuwa da kunnensa ya kwana biyu a kashe? Ya fara yawan cewa "mu ai namu ya ƙare" ko "na zame muku nauyi"? Ana yawan kukan ciwon jiki da ba a gane kansa ba? Idan irin wannan ya wuce mako biyu, a kai shi ya ga ma'aikacin lafiya, domin ciwon damuwa yana kama tsofaffi kuma yana da magani.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, jiya lafiya lau yau bai san inda yake ba, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, kada a ce tsufa ne, kada kuma a tsaya neman tofi kaɗai. A nufi asibiti nan take, Manhyia ko Tafo ko Komfo Anokye, wanda ya fi kusa, ko a kira 112.

Maza ne suka fi jin jiki ko mata?

An fi ganin na maza, domin masallaci a fili yake, kowa ya ga an kulle shi. Na mata a ɓoye ya faru, kuma a ganina ya fi zurfi.

Tsohuwar zango rayuwarta a kan sha'ani take tafiya: suna, aure, addu'a, taron ƙungiya. Ita ce ke wankan jariri, ita ke gasa wa mai jego jiki, ita ke sa amarya a lalle, ita ake kira idan mace ta rasu. A wajen sha'ani take mayar da bikin da aka yi mata, a nan take ganin ƙawayen da suka yi aure shekara ɗaya. Duk wannan aiki ne, matsayi ne, kuma shi aka dakatar.

Mahaifiyata, Mma, ta fi shekara talatin tana suyar masa a ƙofar gida. 'Yan makaranta ne rabin masu sayenta. Da aka rufe makarantu ciniki ya faɗi, mu kuma 'ya'yanta muka taru muka ce ta ajiye tanda, za mu riƙa ba ta abin da take samu har da ƙari. Mun cika alkawari, ba a taɓa fashi ba. Bayan wata biyu na lura ta daina ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta rage magana. Wata safiya na same ta ta fito da tandar tana goge ta da tsumma, ramin nan ɗaya bayan ɗaya, alhali babu ƙullu babu wuta. Na ce, "Mma, kuɗin bai isa ba ne?" Ta ce, "Ya isa, Allah ya yi muku albarka. Amma kuɗin da aka ba ka daban, wanda ka nema daban. Kuma da, kowa ya wuce sai ya ce mini sannu da aiki." Mako na gaba muka sayo shinkafa, ta koma suya a tsakar gida, jikokinta ke miƙa wa masu saye a ƙofa. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ɗankwalin ya dawo.

Yaya batun rasuwa da zaman makoki?

Wannan ne ya fi yi wa dattawa ciwo. Mutum ya yi shekara hamsin da amininsa, a ce ya rasu, a ce kuma ba zai bi shi maƙabartar Tafo ba don an cika mutum 25. Wanda korona ta kashe kuwa, jami'an lafiya ne ke kula da gawarsa, dangi na kallo daga nesa. Addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake zama a yi ta ba juna haƙuri har zuciya ta ɗan sauka, duk an taƙaita su. Ka tuna da matar da ta shiga takaba a watannin nan. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma a al'ada mata ke zuwa su taya ta zama, wannan ta tafi wannan ta zo. Ita tata takabar a ɗaki ta yi ta da bango.

Akwai kuma tsoron da ba su cika faɗa ba: kada in mutu a rasa mai yi mini wanka da salla yadda ya kamata. Idan tsohonka ya kawo wannan magana, kada ka katse shi da "haba Baba, daina faɗar haka". Ka saurare shi, ka gaya masa abin da za a yi da wanda zai tsaya.

Mahaifina ya ce shi ba mai hana shi jam'i, ajali ɗaya ne. Me zan ce masa?

Kada ka yi masa gardama da harshen asibiti, kuma kada ka ɗaga masa murya a gaban jikoki. Ka nemo limaminsu ko wani sa'ansa da yake jin nauyinsa. Addini bai bar wannan wuri babu magana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Ya tabbata a hadisi cewa a daren ruwa da sanyi an umarci ladan ya ce a yi salla a gida. Ya kuma tabbata cewa wanda ciwo ko tafiya suka hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa. Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari a lokacin, shi da kansa ya kira Musulmi su bi dokar.

Amma hujja kaɗai ba ta cike gurbin sahu. Abin da ya yi mana aiki shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa, Baba ya ja mu salla. Mutumin da aka hana bin liman sai ga shi ya zama liman. Bayan magariba kuma yara su kawo allunansu ya yi musu ƙari.

Gaskiya ne an hana tsofaffi aikin Hajji?

A 2020 da 2021 babu alhajin da ya je daga wajen Saudiyya, yaro ko babba. A 2022 aka buɗe, amma aka ce sai wanda bai kai shekara 65 ba. Sai a 2023 aka cire sharaɗin shekaru. A zango, inda mutum ke tara kuɗin kujera shekara da shekaru daga cinikin goro ko na shanu ko na koko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu sun jira sun samu, wasu kuɗin ya narke da faɗuwar darajar sidi, kuɗin Ghana, wasu kuma Allah ya karɓi abinsa kafin a buɗe.

Ina zaune a ƙetare, ina aika kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kowane wata, ina kuma bugo waya. Bai isa ba?

Allah ya saka da alheri, kuɗin yana rufa asiri ƙwarai. Sai dai ka duba yadda wayar take. Idan kullum "Mma, kuna lafiya? Kun ga saƙo? To, sai anjima" ce, minti biyu an gama, to rasit ka karɓa. Ka tsayar da rana da lokaci, ko bayan Juma'a ko Lahadi da yamma, don ta sami abin jira. Ka nemi shawararta a kan abu na gaske: sunan da za a sa wa jariri, yadda ake miyar kuka ta yi kauri, rigimar da ke tsakaninka da ƙaninka. Ka ba ta labarin wurin da kake, ka bar ta ta ba ka na unguwa ko da ka riga ka ji.

Yawancin tsofaffinmu ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wasu ba sa karatun boko, wasu kunne ya yi nauyi. Saƙon murya ta WhatsApp a wayar jika ya fi rubutu amfani, domin za a iya sake kunna shi sau goma, kuma suna sakewa. Ka ja musu kunne kada su ba kowa lambar sirrin MoMo, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Masu damfara sun san wanda ke zaune shi kaɗai yana marmarin mai yi masa magana.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan taka ƙafar ba za ta iya zuwa ba, ka nemi ta wani: ɗan'uwa ko maƙwabci amintacce da zai shiga ya zauna rabin awa, ya ga kwanon abinci da kwalbar magani da idonsa, ya gaya maka gaskiya.

Akwai wani taimako daga gwamnati?

A lokacin annobar gwamnati ta ɗauke kuɗin ruwa na wasu watanni, ta rage na lantarki, an kuma raba abinci a unguwannin da aka kulle, ko da yake rabon layi da turereniya ba na mai sanda ba ne. Na dindindin guda biyu ne ya kamata kowane gida ya sani. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, amma dole katin ya kasance da rai, kuma ana sabunta shi ta waya da *929#. Sai shirin LEAP, wanda aka fara a 2008, da ke ba gidaje masu tsananin talauci ɗan kuɗi duk wata biyu, ciki har da masu shekara 65 zuwa sama da ba su da mai tallafa musu. Ana tambayarsa a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, mu nan Aboabo da Sawaba da Asawase ta Asokore Mampong ce. Fanshon SSNIT na waɗanda suka yi aikin albashi ne, mafi yawan iyayenmu kuwa a kasuwa da tasha suka tsufa. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2 a ƙasar nan.

Rigakafin fa?

Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allurai ta COVAX, shirin raba wa ƙasashe rigakafin korona, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairu 2021, kuma masu shekara 60 zuwa sama suna cikin waɗanda aka fara da su. Jita-jita ta yi yawa a lokacin. A gidanmu abin da ya sa Baba ya miƙa hannu shi ne da aka ce masa allurar ce hanyar komawa benci da kwanciyar hankali.

Annoba ta wuce. Me ya sa har yanzu ake wannan magana?

A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, kasuwar Kejetia ta cika kamar ba a taɓa yin komai ba. Amma ka tsaya a masallacin unguwarku ka duba sahun gaba, ka tuna waɗanda ke tsayawa a nan a 2019. Waɗanda suka rasu an san da su, an yi musu addu'a. Akwai wasu da suna nan da rai, a ɗaki, taku ɗari biyu daga masallacin. Ƙafa ta mutu a watannin zama, ko ido ya rage, ko abokin tafiyar ya rasu, ko dai kawai sabon fita ya bar su. Babu wanda ya yanke shawarar barin su. An saba da rashin ganinsu ne, shi ke nan.

Idan wata annoba ta sake zuwa, me za mu yi dabam?

Kowane masallaci da kowace ƙungiyar mata su san tsofaffin da ke kewayensu da suna da ɗaki, tun yanzu, a san wa ke da ciwon suga, wa ke kwana shi kaɗai, wa ke karɓo wa wa magani. Idan an ce a ba da tazara, a fito da kujera tsakar gida ko ƙofar ɗaki, a sa takunkumi, a ajiye bokitin Veronika, mai famfon wanke hannu, da sabulu a bakin ƙofa, a zauna taku biyu nesa a yi hira. Kada a karɓe wa tsoho aikinsa gaba ɗaya, a rage masa haɗarin aikin ne kawai. A bar masa rediyonsa da batir, ko Zuria FM yake ji ko sashen Hausa na BBC. A fita da shi ya taka da sassafe kafin titi ya cika. Maganin hawan jini da na suga kada ya yanke ko da kwana ɗaya.

Bencin su Baba mai mutum shida ya koma mutum huɗu bayan annoba. Ɗaya ya rasu a shekarar farko. Ɗayan kuma, tsohon direban da ya yi shekaru yana jigilar goro zuwa arewa, mun ɗauka ya koma wajen 'yarsa ne, ashe yana ɗakinsa, gwiwa ta hana shi sauka matakala uku na ƙofar gida. Samarin unguwa suka zuba masa siminti aka yi gangare, wani mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, kuma ya ɗauki nauyin kai shi masallaci duk Juma'a. Ranar da ya fara dawowa, Baba ya matsa masa a kan bencin, ya miƙa masa rediyon ya ce, "Alhaji, kamo mana tashar, kai ka san inda take."